Fostar da Ta Ƙi Yaguwa

Aikin farko da aka bari na yi da hannuna cigiyar akuya ce. Wata tsohuwa a Sabon Layi ta zo shagon Oga Tizhe, inda nake koyon aiki, ta ce akuyarta ja mai yankakken kunne ta ɓata. Oga ya nuna mini tafireta da leɓe, ya ci gaba da shan kununsa. Na buga layi huɗu a kan sitensil, na yi kuskure uku, na shafe su da ruwan nan mai warin jan farce, na murza inji har hannuna ya yi baƙi ƙirin. Kofi ashirin. Na dama sitaci a gwangwanin madara, na bi gari ina mannawa. Bayan kwana biyu akuyar ta dawo gida da ƙafarta.

Ina murna aiki ya ƙare, sai Oga ya ce in koma in yago su duka. Na dawo da goma sha tara. Ya shimfiɗa su a tebur, ya ƙirga, ya dube ni. Ta ashirin ɗin sai bayan la'asar na same ta a tasha, wani mai shayi ya jingina allon burodinsa a kanta. Dokar shagon ke nan: takardar da ka manna ta ɓata ko ta sata, ran da aka ga abin, kai za ka je ka cire ta. Oga Tizhe ɗan ƙabilar Kamwe ne, Hausarsa guntu-guntu, kuma ba ya son ɓata ta a kan yaran shago. Amma wannan dokar ya faɗa mini ita da Hausa, ya maimaita da Fillanci, ya ƙarasa da ranƙwashi.

Na kawo muku wannan ne saboda ɗaya daga cikin ku ukun nan masu koyon aiki a wurina, ba zan kama suna ba, ga shi can yana danna waya, ya ce mini sati biyu sun ishe shi ya koyi aikin zane. Ya ce ai yanzu komai yana cikin waya: ka zaɓi fom, ka sa hoto, ka sa rubutu, ka tura. Gaskiya ya faɗa. Ko kwana biyu ma sun isa, in akwai caji. Abin da ya ci mini shekara talatin da ɗoriya shi ne sanin inda takarda take zuwa bayan ta bar hannuna, kuma har yau ban gama ba.

Na yi tafireta. Na yi kwamfuta mai ƙatuwar ƙeya, wadda in ka kunna ta sai ka je ka yi alwala ka dawo kafin ta farka. Na yi firinta mai cin takarda ran da kake sauri kawai. Katin aure, katin suna, kalandar coci, takardar maulidi, fostar 'yan takara waɗanda kowannensu yake so a rage masa kumatu a ƙara masa haske. Akwai wanda na yi ta haskakawa yana cewa ƙara, har matarsa ta wuce fostar a bakin titi ba ta gane shi ba. Shekarar da rikici ya sa muka gudu muka bar garin nan, na dawo na tarar an kwashe komai, sai abin huda takarda da kujera mai ƙafa uku. Na sake farawa da aron laftof ɗin ƙanen matata.

Bayan gudun nan ne gari ya cika da guruf-guruf a waya. Kowace unguwa da nata, matan coci da nasu, masu shaguna da nasu, 'yan tike, wato masu harkar shanu a kasuwa, su ma da nasu. Ban ga laifinsu ba. Wanda ya taɓa hawa dutse a guje da yaro a kafaɗa, in aka ce masa a yi hattara ba ya tsayawa tambayar wa ya ce. Daga lokacin, duk wanda na buga wa takarda sai ya ƙara da cewa, "Malam Sali, tura mini a waya ma."

Akwai wata al'ada tamu ta masu buga takarda da ya kamata ku sani. Ba ma sa shekara. Sau da yawa ko wata ba ma sawa. Masu bana, wato ƙyallen talla, su ne suka koya mana, don mai makaranta yana so ya rataya banar "ana ɗaukar sababbin ɗalibai" shekara biyar a jere, in ka sa masa shekara sai ya ce ka cuce shi. Takardar bango kuma ba ta ma buƙata. Bango da kansa yake faɗin kwananta: sabuwa fara ce tas, ta sati biyu ta yi ja, ta wata guda ruwa ya ci rabi, awaki sun ci rabi. Ba wanda zai ga takarda ta koɗe ya ɗauka yau aka manna ta. Haka muka taso, haka hannunmu ya saba.

Wata safiya da damina Alhaji Gidado, dillalin shanu ne a Kolere, ya shigo mini da taɓo har gwiwa, don hanyarsu ba ta biyuwa da mota a lokacin. Shanunsa bakwai sun ɓata. Ya miƙo mini waya da hoto a ciki: wani dattijo siriri, da malafa, da sanda a kafaɗa, yana kora shanu a bakin mayo, wato rafi. Wani mai wucewa a babur ne ya ɗauka. Shanun na Alhaji ne, ga shaidarsa a cinyarsu.

"Alhaji, ka san mutumin?"

"In na san shi zan zo wurinka? Yi mini mai ja. Fuskar ta fito sosai."

Na yi masa mai ja. Kuma wallahi aikin ya yi kyau, shi ne abin haushin. Na share inuwar da malafa ta yi wa fuskar, na ƙara haske har ana ganin wani tabo a gefen hancinsa. Na ja jan layi mai faɗi a sama, na rubuta A YI HATTARA da farin rubutu mai kauri. A ƙasa na sa: "An sace shanu bakwai jiya a Kolere. An gan su a hannun wannan mutumin. Duk wanda ya gan shi ya sanar." Kofi talatin. Ya ce in tura masa a waya ma, na tura.

Washegari magana ta fito. Sunan dattijon Hammadu, makiyayi ne daga wajen Sorau, kowa a can Bappa yake ce masa. Gaisuwar mutuwa ta kawo shi. A hanyar komawa ya tarar da shanu sun fasa shinge sun shiga masarar wata mata, Mama Rifkatu, sai ya kore su ya kai su ƙofar jauro, wato mai garin, ya ce ga shanun wani, ya yi tafiyarsa. A ƙofar jauron Alhaji ya same su kwance suna tuƙa. Aka aika aka kira Bappa Hammadu, Alhaji ya ba shi haƙuri a gaban mutane, ya ba shi goro da yadi biyar. Ni kuma na bi bango na yago talatin ɗina cif. Na dawo shago na wanke hannu, ina ganin na cika dokar Oga Tizhe.

Damina ta zagayo. Wata ranar tike, wajen azahar, wani tsohon dillali ya shigo shagona riƙe da hannun wani mutum. Rigar mutumin a yage, leɓensa a fashe, kansa ba malafa. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba, amma tabon hancin nan ni na fito da shi.

Bijimai biyu ya kawo sayarwa. Da safiyar ranar fostata ta shigo guruf ɗin 'yan tike. Wani ya dubi waya, ya dubi Bappa, ya sake duban waya, ya ɗaga murya. Ba don tsohon dillalin nan yana ƙofar jauro bara ran da aka sasanta ba, ya ratsa cikin mutane yana rantsuwa, da wani labarin nake ba ku.

Na karɓi wayar dillalin na duba. Fostata ce, ja wur, ko kusurwa ba ta lanƙwashe ba. A ƙarƙashinta waya ta rubuta ƙarfe tara da minti goma na safiyar ranar, rubutuna kuma yana nan yana cewa jiya aka yi satar. Na kira wanda ya turo ta. Ya ce a wayar matarsa ya gani. Matar ta ce ƙanenta ne. Ƙanen ya ce dandalin nan da ake sa hoto ana sharhi shi ya tuno masa da abin da ya sa bara war haka, ya ga ta yi kyau, ya sake sawa.

Bappa Hammadu ya zauna a benci, na ba shi ruwa ya kuskure jinin bakinsa. Wayarsa ƙarama ce mai tocila, ba ta nuna hoto. Ya ce mini da Hausarsa ta Fulani:

"Malam, sun ce kai ne ka yi takarda ɗin. Ba faɗa na zo ba. Nuna mini bangon da yake, in je in cire da kaina."

Na ce ba a bango take ba, a waya take.

"Wayan wa?"

"Ta kowa, Bappa."

"To, a je gidansu."

Na sunkuyar da kai. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, ni da furfurata.

Takardar gyara ita ce aiki mafi tsafta da na taɓa yi. Na je Kolere a babur, na faɗi sau ɗaya a taɓo, na karɓo takardar jauro da hatiminsa. Na ɗauki Alhaji da Bappa hoto suna musabaha. Na zaɓi kore mai sanyi, na rubuta GYARA a sama, na bayyana komai a layi shida, na sa rana da wata da shekara. Na tura wa duk guruf ɗin da nake ciki, na roƙi mutane su tura gaba. Mutum huɗu suka ɗaga mini babban yatsa. Ɗaya ya rubuta "Allah ya kyauta", kuma ina zaton bai karanta ba.

A nan ne na fara kallon waya yadda nake kallon shafi. Ni mai shirya shafi ne, na san abin da ka sa babba shi ido yake fara gani, abin da ka ajiye kusa da hannu shi ake taɓawa. Wanda ya shirya manhajar hira ya san wannan fiye da ni. Ku ɗauko wayoyinku ku duba, tunda dama suna hannunku. Kibiyar turawa tana manne da hoton, daidai inda babban yatsa yake hutawa. Taɓawa biyu, ya tafi. Tambayar "yaushe aka yi wannan?" kuwa sai ka buɗe wajen rubutu ka bi harafi ɗaya-ɗaya, a gaban surukinka da limamin unguwa, kamar kana ƙaryata wanda ya turo. In hoton ya tafi, sunan wanda ya fara sa shi ya faɗi a hanya, sai ya iso maka da sunan yayarka ko malaminka, mutanen da ba ka musu da su. Ranar da aka yi shi ita ma ta faɗi, a manna masa ta yau. Sannan su ɗora wani ɗan rubutu a sama wai an tura shi sau da yawa. Na ji an ce don mutane su yi taka-tsantsan aka sa. Mai shagon kusa da ni ya nuna mini rubutun nan a kan fostar Bappa ya ce, "Ka gani ko? Mutane da yawa sun tabbatar."

Dandalin sharhin ya fi muni. Na sami fostar a shafin wani mai tara mabiya, zagi jere a ƙasanta kamar buhunan wake a tasha. Na shiga na rubuta cewa ni na yi ta da hannuna, kuma ba gaskiya ba ce. Kai, sai aka taso mini! Nawa ɓarawon ya ba ka? Kai ne mai sayar masa? Na mayar, suka mayar. Kwana biyu ina fama, ko aikin mutane ban taɓa ba, sai 'yata ta leƙa wayar ta ce, "Baba, don Allah ka daina. Duk amsar da ka ba su, sama abin yake ƙara hawa." Ashe wurin ba ya bambance mai zagi da mai gyara, duk inda ya ga an taru nan yake ƙara turo mutane. Ni da kaina na yi wa fostar talla kwana biyu kyauta. Na danna wajen kai ƙara, aka jero mini dalilai da Turanci in zaɓa. Na karanta har ƙasa, babu mai cewa tsohon labari ne, an sasanta a gaban jauro.

Alhaji Gidado, tsakani da Allah, ya yi ƙoƙari. Ya yi saƙon murya na minti huɗu. Minti ɗaya da rabi na farko gaisuwa ce: ya gai da sarakuna, ya gai da malamai da fastoci, ya gai da 'yan kasuwa, ya tambayi ruwa. Ban sami mutum ɗaya da ya saurara har inda ya ambaci sunan Bappa ba.

Tun daga nan duk damina sai ta fito, kamar ciwon baya. A shekara ta uku wani ya goge Kolere ya rubuta sunan garinsu, ko layin bai daidaita ba, shanun kuma suka koma ashirin. Bappa ya rage gemu, ya bar malafa ya koma hula, amma tabon yana nan. Na yi masa leminatin ɗin takardar jauro yana yawo da ita a aljihu. Sau ɗaya ya gwada fito da ita a wata kasuwar ƙauye, kafin ya warware ledar an fizge sandarsa. Daga ranar ya daina shiga kasuwa da dabba, tamu da ta ko'ina. Makiyayin da ba ya shiga tike, sai dai dillali ya same shi a ruga ya yanka masa farashin da ya ga dama, shi kuma ya ce alhamdulillahi. Mutumin da ya shekara arba'in yana dafa tozon sansa yana ciniki da bakinsa ne ya koma haka, a kan aikin da na yi cikin minti ashirin.

Shi ya sa kuka ga abin da kuka gani a shagon nan kuna dariya. Ba takardar da ke fita sai da rana da wata da shekara, kuma a tsakiya nake sawa, a kan hoton, inda ba za a yanke ba sai an yanke fuska. Fostar sata mai fuskar mutum kuwa na daina, ko wa ya kawo. Masu bana suna ƙorafi. Wasu sun bar ni sun koma wurin irinku masu yi a waya, ba tambaya, ba ɓata lokaci.

Bana, farkon damina, Bappa Hammadu ya zo mini da hantsi, ranar tike. Ya kawo mini man shanu a kwalba. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi shanu. Ya zauna, ya jingina sandarsa a jikin firinta.

"Malam Sali, wani aiki na kawo. Irin na rasuwa."

"Innalillahi. Wa ya rasu, Bappa?"

"Ni."

Na ajiye almakashin da ke hannuna. Ya ce watan jiya wani maƙwabcinsa ya rasu da hantsi, kafin azahar 'yan'uwa suna kira daga Yola, daga Marwa, har daga inda ba a san yana da kowa ba.

"Na lura abu biyu ne ke gudu a wayan nan naku, ɓarawo da gawa. Kore ɗin nan naka ba ya tafiya. In sun ga na mutu za su ce Allah ya jiƙansa, su bar ni. In na shiga tike wani ya ce ga shi nan, wani zai ce a'a, wancan ya mutu, kama ne kawai."

Na ce 'yan'uwansa fa? Addarsa, wato yayarsa, tsohuwa ce, za ta ji ta yanke jiki ta faɗi.

"Na gaya musu duka. Da ƙafa na je, gida-gida. Adda ta ce in ba ka hoton da na yi kyau."

Ya kwance wata leda, ya ciro hoton fasfo ya ɗora a tebur.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na buɗe fom ɗin. Na san ƙarya ce, na san ba kyau, na kuma san za ta yi aiki. Mutumin da bai taɓa riƙe babbar waya ba ya fahimce ta fiye da ku ukun nan a haɗe. Na sa hoton, na zagaye shi da baƙi, na rubuta Innalillahi a sama, na rubuta sunansa da na mahaifinsa. Yana tsaye a bayana yana kallon kansa. Ya ce in rage hasken, ya yi yawa, na rage. Hannuna ya kai tsakiya, na tambaye shi yadda nake tambayar kowa, ban ko ɗago ba.

"Wace rana zan sa?"

Ya sunkuyo ta kan kafaɗata. Na juya.

"Dole ne?"

"Ba na fitar da takarda ba rana, Bappa. Kai ka fi kowa sanin dalili."

Ya daɗe yana kallon wurin da ban cike ba. Na ga leɓensa yana motsi.

"A'a," ya ce. "Wannan ba ni ke sawa ba. Astagfirullah. Rufe, Malam. Useko, don Allah."

Na rufe. Ya mayar da hoton cikin leda, ya ɗaure bakinta sau biyu. Na ce ya ɗauki man shanunsa tunda ba a yi aiki ba, ya ce ba na aiki ba ne.

Na raka shi bakin ƙofa. Daga nan ana jiyo kukan shanu da ihun dillalai, manyan motoci suna lodi. Ya tsaya ya saurara kaɗan, ya ce daga jin hayaniyar nan yau kasuwa ta yi kyau. Sannan ya janyo hularsa ta rufe goshi, ya bi ta lungun baya, wanda ba ya ɓullewa ta tike.